Sitiyarin tsohuwar Triumph yana wasa: a gyara akwatin ne ko a sa mata rak?

Wani matashi ne a nan cikin Katsina ya aiko da tambayar. Ya gaji mota ƙirar Triumph TR3A ta 1959 daga mahaifinsa, wanda shi ma a hannun wani Bature malamin makaranta ya saye ta lokacin da zai koma gida. Ta daɗe rufe a gareji, sai bara aka tayar da injinta. Ya ce sitiyarin yana wasa sosai, in ya hau kwalta motar sai yawo take yi da shi, in kuma zai yi fakin sai ya yi kamar zai karya kafaɗa. Bakanikensa ya ba shi shawarar a cire akwatin sitiyarin a jefar, a samo rak, wato miƙaƙƙen ƙarfen nan mai haƙora da ke karya tayoyi a motocin zamani, na Beljiyom a Ƙofar Ruwa ta Kano, a kira mai walda ya ɗaura. Yana so ya ji ko ya yarda.

Ɗana, Allah ya jiƙan Alhaji, ya kai haske kabarinsa. Kada ka yarda, aƙalla ba ta wannan hanyar da aka tsara maka ba. Na san in na tsaya a nan gobe wani zai sake zuga ka a bakin gareji, don haka bari mu leƙa ƙarƙashin motar tare.

Sandar sitiyarinka tana gangarowa ne har gaban shasi, ta shiga cikin akwatin. A ƙarshenta akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe da muke ce wa wom. In ka taɓa ganin an kwance injin markaɗe, ka ga ƙarfen nan mai murɗiya da ke tura tattasai gaba, to kamanninsu ɗaya. Cikin kwarin murɗiyar nan wani ɗan fegi ne mai tsukakken kai yake zaune. Kana juya sitiyari wom yana juyawa, yana jan fegin sama ko ƙasa, fegin kuma yana juya wata gajeriyar sanda da ta ɓullo ta ƙasan akwatin, wadda aka ɗaura wa hannu. Daga wannan hannun doguwar sanda ta tsallaka zuwa ɗaya ɓangaren, inda wani hannun ɗan rakiya yake, wanda bakanikai ke kira aidila. Sannan gajerun sanduna biyu da ake kira tayarod suka tafi ga tayoyin. Ƙirga gaɓoɓin da kanka: bakin tayarod huɗu, ƙusoshi biyu masu roba a ƙarshen sandar tsakiya, ga madogarar aidila, bakwai ke nan tun ba a shiga cikin akwatin ba. Kowace gaɓa ta ci ɗan kaɗan, kafin abin ya iso hannunka ya zama taƙi guda.

Bakanikenka bai yi ƙarya ba da ya ce rak ya fi. Su kansu masu kamfanin a Coventry ta Ingila sun bar akwatin fegi a 1961 da suka fito da TR4, suka koma rak. Kuma yawancin bakanikanmu a kan Peugeot 504 suka buɗe ido, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, ita kuwa rak gare ta. Hannun da ya saba da 504 duk sitiyari mai akwati ya taɓa sai ya ce ya mutu. Inda muka raba hanya da shi shi ne ya yanke wa akwatin hukunci bai tuhume shi ba.

Ga yadda ake tuhumar. Ka ajiye motar a kan daɓen siminti, tayoyinta a ƙasa suna kallon gaba sak, kada a ɗaga ta da jak. Ka sa yaro ya zauna ya riƙa kaɗa sitiyarin hagu da dama, kaɗan kaɗan, iyakar inda yake wasa, ba tare da ya gaji ya daina ba. Kai kuma ka shimfiɗa kwali ka kwanta da tocila. Ido yana ruɗi a wannan aikin, hannu za ka sa. Ka dafa kowace gaɓa da yatsu biyu, ɗaya a kan wannan ƙarfen ɗaya a kan wancan. In ɗayan ya motsa kafin ɗan'uwansa za ka ji wani ɗan ƙas a fatar yatsanka. Fara da ƙusoshin nan biyu masu roba. An yi su ne robar ta riƙa murɗewa a ciki, roba kuwa da ta sha zafin Katsina na shekaru ba abin da ya rage mata, wani lokaci kana taɓa ta da farce take marmashewa. A yawancin irin waɗannan motoci da na duba, nan ne rabin wasan yake ɓuya. Daga nan ka kama hannun aidila ka girgiza shi sama da ƙasa, bai kamata ya yi lilo ba. Sannan ka kalli akwatin kansa: in yana ɗan gyaɗa kai duk lokacin da yaron ya kaɗa, to notocin da suka riƙe shi sun saki, ko kuma shasin ya tsage a wurin. Ka goge baƙin man da ya danƙare ka haska da kyau. Sai duk waɗannan sun fita daga zargi, ka ga sandar sitiyari tana juyawa amma hannun da ke ƙasan akwatin bai motsa ba, sannan za ka ce laifin na ciki ne.

Nauyin kuma da kake ji wurin fakin, sau da yawa ba ruwan akwatin. A ƙasan ƙarfen da ke riƙe kowace tayar gaba akwai wani gida na tagulla mai zare, a cikinsa ƙafar take juyawa. Yana son giris a kai a kai. Motar da ta yi shekaru a ajiye, tsohon giris ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama ƙanzo, ko ka ɗora famfon giris ba zai shiga ba. Ka ɗaga gaban motar, ka cire tayarod daga kowace taya, ka karya tayar hagu da dama da hannu. In ta ƙi tafiya sumul, ka sami mai laifi, kuma ko rak na zinariya ka sa nauyin yana nan. Wannan wurin ba na wasa ba ne, don in zaren ya ci ya ƙare ƙafar tana iya zarewa motar na tafiya. Ka duba tayoyin ma. An yi motar ne da siririyar taya a kan wili mai inci 15, irin 155 ko 165, kusan girman ta Volkswagen mai ƙirar kunkuru. In wani ya sa mata faffaɗa don ado, ko iska ta yi ƙasa, kafaɗarka ce za ta biya. Haka in an canja babban sitiyarinta da ƙarami. Faɗinsa shi ne ƙarfinka.

To mu ce an gama duk wannan, wasan yana cikin akwatin. A saman murfinsa akwai sukur mai noti da ke danna fegin cikin kwarin wom. Duk yaron gareji ya san da shi, kuma nan ake gyaran gangar Auzinawa. Abin da ba a faɗa wa yara shi ne da gangan aka yanka kwarin wom ya fi matsewa a tsakiya, wato daidai inda tayoyi ke kallon gaba, ya ɗan saki a gefe da gefe. Dalili kuwa a tsakiya mota ke yin kusan duk rayuwarta, nan ne zai fi ci, sai aka bar wa mai gyara abin da zai riƙa ɗaurewa. Saboda haka wasan da za ka ji in ka karya sitiyari har ƙarshe ba lalacewa ba ce, haka aka haife shi. Wanda ya ɗaure sukur ɗin tayoyi na karkace don ya kashe wannan wasan, in sitiyari ya dawo tsakiya sai ya cije.

Ni ma na taɓa yi. Ina saurayi, ban daɗe da fara riƙe sifana ba, aka kawo wata tsohuwar Austin mai irin wannan akwatin. Maigidana ya tafi masallaci, na ce bari in burge shi. Motar tana fake tayoyinta a karkace, na ɗaure sukur har sai da wasa ya ɗauke ɗif, na ji daɗi. Da ya dawo bai ce mini komai ba, ya ce in shiga in ja mu zagaya. Muna fita ta Ƙofar Ƙaura na sha kwana, na saki sitiyari ya dawo da kansa kamar yadda aka saba, ya tsaya cak inda na bar shi. Da na fizgo shi kuma ya wuce tsakiya da tsalle, saura ƙiris in hau kan tiren mai rake. Maigida ya ce in tsaya, ya miƙo mini sukundireba, a nan bakin titi cikin rana ya sa na kwance abin da na ɗaure, mutane na kallo.

Yadda ake yi shi ne a ɗaga gaban motar, a raba hannun akwatin da sandar tsakiya don kada nauyin tayoyi ya ɓoye maka abin da kake ji. Kafin a taɓa sukur ɗin sama, sai an fara tabbatar da wom ɗin kansa ba ya zamewa gaba da baya tsakanin boris ɗinsa biyu. Wannan da siraran wosha ake daidaita shi, waɗanda ke ƙarƙashin murfin ƙarshen akwatin: a rage ɗaya in yana zamewa, a ƙara in ya matse, har ya riƙa juyawa sumul ba zamewa. Mutane da yawa suna tsallake wannan su tafi ga sukur, shi ya sa gyaransu ba ya kwana biyu. Bayan nan sai a kawo sitiyari tsakiya, a riƙa shigar da sukur kaɗan kaɗan, ana juya sitiyarin da yatsa ɗaya yana ratsa tsakiyar. Inda ka fara jin ɗan ja, kamar ƙofar da ta ɗan goga ƙasa, nan za ka tsaya. Ka riƙe sukur ɗin ka ɗaure notinsa, ka sake gwadawa, don ɗaure notin yakan motsa shi. Ni ma'aunina, in an mayar da komai motar na ƙasa, wasan da ya rage a bakin sitiyari kada ya wuce faɗin yatsu biyu.

In ka ga tsakiya ta ƙi daina wasa har sai gefe ya fara cijewa, wom ya ci ke nan, sukur ba zai yi maganinsa ba. Sai a sauke akwatin. Ka duba sandarka tukuna: na farko-farkon motocin nan doguwar sanda ce guda ɗaya tun daga sitiyari har akwati, kuma ba ta fita sai an cire fuskar motar gaba ɗaya, na baya kuma an raba ta biyu da mahaɗi a tsakiya. Abin da ake canjawa a ciki bai da yawa: fegi, boris biyu da mazauninsu, bushin gajeriyar sandar, da sil ɗin mai na ƙasa. Wom kuma in ya yi rami ko tsatsa ta cinye shi. Duk ana ƙera su sababbi har yau a Ingila da Amurka, don masu irin motar suna da yawa a can. Fegin da injin matsa ƙarfe ake fitar da shi a sa sabo, kada wani ya ce zai cike tsohon da walda ya goge, ƙarfe ne da aka gasa ya yi tauri, wuta na taɓa shi ya tashi aiki. Hannun ƙasan kuma da abin zaro shi ake cire shi. Guduma tana lotsa abin da ke ciki, wuta tana kashe ƙarfin hannun.

Abu biyu ka sa wa ido da kanka ranar aikin. Notocin motar nan na inci ne, sifanun garejinmu kuwa kusan duk na milimita ne. Lamba 13 tana shiga kan noti mai rabin inci da ɗan sako-sako, ja biyu ta murje masa kai. Ka sayi saitin sifanun inci ka ajiye a but, ka hana a taɓa ta da waninsu. Na biyu mai. Man giya mai kauri, lamba 90, shi akwatin yake sha. In yana zuba, bakanike zai ce a cusa giris a huta. Giris mai tauri fegin yana share shi gefe ne ya bar ƙarfe yana cin ƙarfe, boris na sama kuma ya bushe. A gyara inda yake zuba: ko sil ɗin ƙasa, ko notin da ke ƙarshen akwatin inda bututun wayoyi ya fito.

In kana son ƙari a kan yadda kamfani ya yi ta, akwai gyara biyu masu sauƙi da ba sa taɓa shasi. Ana sayar da murfin sama mai sifirin a ciki, wanda ke danna fegin a kai a kai, yana rage wasan gefe. Yana taimakon akwatin da ke da lafiya, amma ba ya ta da wom ɗin da ya mutu. Akwai kuma ƙusoshin sandar tsakiya da aka yi da tagulla ko roba mai tauri maimakon mai laushin nan. A yanayinmu na fi son su, sai dai masu tagullar suna son giris.

Yanzu rak ɗin Ƙofar Ruwa. Matsalarsa ba ƙarfin walda ba ce kawai. Tayar gaba in ta hau tudu ko ta faɗa rami, hannuwan da ke riƙe da ita suna zana baka ne, tayarod ma yana zana tasa bakar. Injiniyoyi suna auna tsawon rak da tsayin inda zai zauna don bakunan nan su tafi tare. In rak ya fi faɗi ko ya gaza, ko aka ɗaura shi sama ko ƙasa da 'yan milimitoci, duk sanda taya ta motsa sama sai tayarod ya ja ta ciki ko ya tura ta waje. Ma'ana motar tana karya kanta ba da izininka ba. A tsaye a gareji ba za ka gane ba, sitiyari zai yi laushi kowa ya yaba. Sai kana gudu ka taka gargada wajen Mashi, ga tirela tana tahowa, motar ta yi tsalle gefe. Rak ɗin wata ƙaramar motar Japan an auna shi ne da ƙafafun waccan motar, mai walda kuma da ido da alli yake aiki. Ga batun kwana: tayar ciki dole ta fi ta waje karyewa, in lissafin ya ɓaci sai tayoyi su riƙa kuka suna cinyewa. Sannan don a haɗa sandar Triumph da bakin rak ɗin wata mota, abin da za su yi shi ne su yanka biyun su liƙa da walda. Na yarda da masu waldarmu a kan ƙofa da gado da shasin tifa, amma sandar sitiyari in ta ɓalle ba birkin da zai cece ka.

In dai rak ɗin kake so, akwai saitin da aka ƙera musamman don irin motarka, wato TR2 da TR3, da maƙallansa da sandarsa ta ƙasa mai gaɓoɓi, an riga an yi lissafin. Yana sa sitiyari ya yi sauƙi ya kuma daina yawo, wannan gaskiya ne, kuma sanda mai gaɓoɓi ta fi doguwar nan aminci in an yi karo. Amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Rak ɗin yana ratsawa ne ta gaban injin, inda fankar lagireto take, don haka yawanci sai an cire fankar an sa ta lantarki. A Ingila wannan ba komai ba ne. A Katsina cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, kana cikin cunkoson kasuwa, ran injinka ya rataya ke nan a kan fanka ɗaya da fiyus ɗinta. Injin nan ɗan'uwan na tsohuwar taraktar Ferguson ne, yana da juriya, amma ba ya son tafasa. Fankar kuma wuta take ci, motarka kuwa dainamo gare ta mai ba da wajen amfiya 20, kuma kan batir mai alamar tarawa shi ke haɗe da jikinta, saɓanin motocin yanzu. Kafin ka ankara ka shiga sayen altaneto da juya wayoyi. Ga ham da tirafiketo: maɓallansu suna tsakiyar sitiyari, wayoyinsu sun bi ta cikin wani siririn bututu da ya ratsa sandar ya fito ta ƙasan akwatin. Akwatin na tafiya hanyarsu ta toshe, sai an nema musu wani wurin. Na'urar lantarkin nan da ake ɗaura wa sanda don sauƙaƙa juyi ma ka bar ta, nauyi take ragewa, wasan yana nan inda yake.

Kafin ka tura ko sisi waje, ka tsayar da magana ɗaya. Motar da ta shigo ƙasar nan a wancan zamanin sitiyarinta a dama yake, don sai ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama. Yawancin TR3 kuwa Amurka aka kai su, masu sitiyari a hagu, saboda haka kayan da suka fi yawa a kasuwa nasu ne. Wom na dama daban, na hagu daban, haka gidan akwatin, haka rak. In ba ka faɗa wa mai sayarwa ba, kaya za su iso bayan wata da watanni su ƙi shiga. Kuma hukumar kiyaye haɗurra ta sha nanata cewa dokar hanya ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba, don haka ka je ka ji matsayin takardunta. In ya zama dole a mayar da ita hagu, to lokacin ne sayen saitin rak na hagu zai yi ma'ana, a yi aikin sau ɗaya.

Da tawa ce, ga motar da ba za ta wuce fita ranar Juma'a da yamma ko zuwa Daura kallon hawan Sallah ba, akwatinta zan gyara, in canja gaɓoɓin nan bakwai, in wanke gidajen tagullar, in sa siraran tayoyi sababbi. Ko ka canja shawara daga baya ka sa rak, kada ka bari a sayar da tsohon akwatin ga 'yan gwangwan, ka naɗe shi ka ajiye, darajar motar tana tare da shi.

Bayan an haɗa sai a kai ta alaimen. Ka gaya wa mai aikin gaban tayoyin ya ɗan tsuke ciki kaɗan, kada ya wuce milimita 3, don ba zai sami motar a cikin kwamfutarsa ba. Sannan ka fita da sassafe kafin hanyar Daura ta cika, ka riƙe sitiyarin sakwa-sakwa da yatsu. Za ka ga ko bayan gyara ba ta dawowa tsakiya da zafi kamar motar zamani in ka fito kwana, sai ka ɗan taimaka mata. Haka ƙafafunta suke tun daga kamfani, kada wani ya ce zai ƙara ɗaure sukur saboda wannan. In kun yi tafiyar kamar kilomita 300, ka sake kwanciya a kan kwalin nan, yaro ya kaɗa maka, ka bi notocin ɗaya bayan ɗaya, ka kuma duba ko man akwatin ya ragu.